Motar Ruwan Hoda: Daga Aljihun Wa Arzikin Ta Sama Yake Fitowa?

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo wata tambaya ce da aka yi mini a ajin matan aure na yamma a makarantarmu ta Islamiyya. Mun tashi daga darasin Ahalari kowa na haramar tafiya gida, sai wata ɗaliba, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, ta tsaya har ajin ya watse. Ta matso ta ce, "Malama, ina da magana, amma don Allah ta tsaya tsakaninmu." Na roƙe ta izinin kawo maganar nan ba tare da suna ba, ta amince.

Ta ce, "Malama, 'yan kunnena na gwal na sayar na shiga kasuwancin nan na kawo mutum. Wadda ta sa ni aminiyata ce tun muna 'yan mata. Yau wata biyar kaya na jibge a ƙarƙashin gado, kwalba uku kacal na sayar. Na kai mata kukana, ta ce ai ba a sayar da kaya ake samu ba, in kawo mutum biyar kuɗina zai dawo har da riba. To Malama, ƙannena biyu da matar wana, in na ce su shiga wallahi za su shiga. In kawo su?"

Na ce mata, "Hajiya, ki ba ni mako guda." A cikin makon nan ban tsaya ga littattafan fiƙihu kaɗai ba, sai da na bi tarihin ɗaya daga cikin matan da suka fi shahara a duniya wajen jagorancin irin wannan kasuwanci na hawa-hawa. Da yawanmu mun san sunanta ba mu san ita ba, domin yana rubuce a jikin hodar da ake zuba mana a kit ɗin lefe: Mary Kay. Ba kamfaninta ɗalibata ta shiga ba, wani ne daban, amma tsarin ɗan uwan juna ne, kuma rayuwar matar tana ɗauke da darasin da nake so mu duba tare.

Wace ce Mary Kay?

An haife ta ranar 12 ga Mayu, 1918, a wani ɗan gari mai suna Hot Wells a jihar Teksas ta Amurka, sunanta na haihuwa Mary Kathlyn Wagner. Ba 'yar gata ba ce. Mahaifinta ya kamu da tarin fuka har ya kasa aiki, mahaifiyarta kuwa tana aiki a wani gidan sayar da abinci tun sassafe har dare. Tun tana 'yar shekara 7 ita ke jinyar uban, ita ke ɗora tukunya. In girki ya gagare ta sai ta buga wa uwar tarho, uwar ta koya mata, ta kuma ƙarfafa mata gwiwa cewa za ta iya. Wannan ƙarfafawa ta uwa ita ce ta riƙe har tsufanta, da ita kuma ta riƙa jan hankalin mata.

Ta yi aure tana da shekara 17, ta haifi 'ya'ya uku. Mijin ya tafi Yaƙin Duniya na Biyu, da ya dawo aure ya mutu, ta zama bazawara mai ciyar da yara uku ita kaɗai. Tun wajejen 1939 take tallar kayan share-share da goge-goge na kamfanin Stanley Home Products, inda ake tara mata a gidan ɗaya daga cikinsu a nuna musu kaya su saya. An ba da labarin cewa ta taɓa cin bashi ta je babban taron kamfanin a birnin Dalas, ta ga an naɗa wata sarauniyar ciniki an ba ta jakar hannu ta fatar kada. Ta ƙudurta a ranta baɗi ita ce. Ta kuwa yi ta fama har ta zo ta ɗaya, sai ga shi kyautar da aka miƙa mata fitilar kamun kifi ce. Ke 'yar uwa, me mace za ta yi da fitilar kamun kifi? Abin ya tsaya mata a rai.

A 1952 ta koma wani kamfani mai suna World Gift, ta yi shekaru tana horar da 'yan talla. A 1963 aka ɗauko wani namiji da ita ta koya wa aiki aka ɗora shi a kanta, da albashi ninki biyu na nata. Ta ajiye aikin ta koma gida. Ta zauna a teburin kicin da niyyar rubuta littafin da zai taimaki mata, ta jera abubuwan kirki da ta gani a wuraren aiki a gefe guda, na banza a ɗaya gefen. Da ta duba sai ta ga ashe tsarin kamfani ta rubuta. Ta tattara ajiyarta ta dalar Amurka 5,000, ta sayi haƙƙin wani haɗin man gyaran fata da ya samo asali daga wani majemi. Saura wata guda a buɗe, mijinta na lokacin, wanda zai riƙe lissafi, ya faɗi ya rasu da ciwon zuciya. Duk da haka ranar 13 ga Satumba, 1963, ta buɗe ɗan shago a Dalas tare da ɗanta Richard mai shekara 20 da mata tara 'yan talla.

Kamfani ya bunƙasa. A 1969 ta fara raba wa manyan jagorori biyar motar Cadillac mai launin ruwan hoda, motar da ta zama tambarin kamfanin. Kowace shekara a tara mata a Dalas, a sa wa waɗanda suka yi fice kambi, a ba su zoben lu'ulu'u, a yi musu tafi har wasu su fashe da kuka. Lokacin da ta rasu a 2001, kamfanin yana da 'yan talla sama da 800,000 a ƙasashe 37.

Abin da ta gani daidai

Adalci ya wajaba a kanmu ko ga wanda ba addininmu ɗaya ba, don haka bari in fara da faɗin alherinta. Zaluncin da aka yi mata a wurin aiki gaskiya ne. A Amurkar wancan zamani banki na iya hana mace rance sai da sa hannun miji, sai a 1974 doka ta hana wannan wariya. Matar da ta tashi a irin wannan hali ta ce za ta buɗe wa mata ƙofar neman na kansu ba tare da sun bar 'ya'yansu ba, ai ta cancanci a yaba mata. Kirista ce mai riƙo da addininta, tana koya wa matan kamfanin cewa Allah ne farko, iyali na biyu, sana'a ta zo ta uku. Ta kuma ce ginshiƙin kamfaninta shi ne ka yi wa mutane abin da kake so a yi maka. A 1996 ta kafa gidauniyar tallafa wa binciken cutar daji mai kama mata, daga baya aka haɗa da taimakon matan da ake cin zarafinsu a gidajen aure.

Sannan ta gano wani abu da ya kamata mazajenmu su ji. Ta gano cewa mace tana yunwar yabo kamar yadda take yunwar abinci. Sai mace ta shekara ashirin tana wanki da girki da raino, ba wanda ya taɓa ce mata sannu da aiki. Ranar da aka kira sunanta a gaban jama'a aka tafa mata, to fa an kama zuciyarta. Wannan fitilar kamun kifi ita ta koya wa Mary Kay cewa a ba mace abin da zai sa ta ji ita ma wata ce. Ɗalibata ma ta gaya mini cewa ranar da ta yi rajista aka tsayar da ita a gaban taro aka kira ta 'yar kasuwa, ta ce rabon da ta ji daɗi irin na ranar tun bikinta.

To in haka ne, ina matsalar take?

Ina kuɗin motar ke fitowa?

A irin wannan tsari ƙofofin samun kuɗi biyu ne. Ta farko, ki sari kaya daga kamfani ki sayar ki ci riba. A kamfanin Mary Kay ana sarar wa 'yar talla a rabin farashi. Wannan ciniki ne irin wanda muka sani, babu abin cewa. Ƙofa ta biyu, ki kawo wasu mata su yi rajista a ƙarƙashinki, sai a riƙa ba ki kaso daga abin da suka sara, in su ma suka kawo wasu rukuninki ya ƙara girma, matsayinki ya hau. Mota da zobe da kambi, yawancinsu ta wannan ƙofa ta biyu suke shigowa.

'Yar uwa, ki riƙe wannan kalma da kyau: abin da suka sara. Ba a ce abin da suka sayar ba. Jagora tana cin riba ne ranar da kaya suka bar kamfani suka shiga ɗakin ta ƙasa. Ita kuwa ta ƙasa ba ta ga riba sai ranar da kayan suka bar ɗakinta suka shiga hannun mai saye. Tsakanin ranakun nan biyu akwai rami, kuma a cikinsa 'yan kunnen ɗalibata suka faɗa. In ƙarshen wata ya zo jagora na neman cike adadin da zai riƙe mata matsayi ko mota, me kike zato za ta ce wa na ƙasa da ita? Za ta ce su dakata har su sayar da na hannunsu? A 2012 mujallar Harper's ta Amurka ta buga dogon bincike a kan kamfanin Mary Kay, inda ta kawo labarin matan da suka ci bashi suka tara kayan da suka kasa sayarwa. Kamfanin dai yana musanta cewa tsarinsa na yaudara ne, yana kuma da ƙa'idar karɓar kayan da ba a sayar ba cikin shekara guda ya mayar da kashi 90 cikin ɗari na kuɗin. Wannan ƙa'ida abin yabo ce, kuma ba kowane kamfani ke da irinta ba. Sai dai ba ta sauya inda ribar jagora take fitowa ba.

Lissafin dalar gyaɗa

Iyayenmu sun ba mu labarin dalar gyaɗa ta Kano: buhu ɗaya a can ƙololuwa, dubbai a ƙasa suna ɗauke da shi. Buhun saman nan bai fi sauran kyawun gyaɗa ba, wurin da aka ajiye shi ne kawai ya bambanta. Bari mu yi lissafin da aka ba ɗalibata, wato kowa ta kawo biyar. Hawa na farko mutum 5, na biyu 25, na uku 125, na huɗu 625, na biyar 3,125. Kafin a kai hawa na goma an doshi mutum miliyan goma. Hawa na goma sha biyu yana buƙatar mutum sama da miliyan 244, na goma sha biyar kuwa sama da biliyan 30, alhali duk mutanen duniya biliyan 8 ne da 'yan kai. Kuma a duk inda aka tsaya, kusan mutum huɗu cikin kowane biyar suna hawan ƙarshe ne, ba kowa a ƙarƙashinsu. Wannan ba ya sauyawa ko da kowa ta yi ƙoƙari iyakar ƙarfinta, ko da kowa ta tashi ƙiyamul laili tana roƙon buɗi. Haka ginin yake.

Hukumomi ma sun duba. A 2024 ma'aikatan hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka, wadda ake kira FTC, sun bi takardun bayanin samu na kamfanoni 70 masu irin wannan tsari, suka tarar yawancin mahalarta abin da suke samu a shekara bai wuce dala 1,000 ba, da yawa ma ba su samun komai, kuma galibin takardun ba su cire kuɗin da mutum ya kashe ba. A 2016 kamfanin Herbalife ya amince ya biya dala miliyan 200 don a mayar wa waɗanda suka yi asara, ya kuma gyara tsarinsa yadda lada zai dogara ga ainihin cinikin da aka yi da masu saye. Ƙasar Sin kuwa a 1998 ta hana wannan salon talla gaba ɗaya, da ta sake buɗe ƙofa a 2005 sai ta bar haramcin biyan lada hawa-hawa.

Me malamai suka ce?

A shekarar 1425 bayan Hijira, wato 2004, Kwamitin Dindindin na Fatawa na Saudiyya ya fitar da fatawa a kan wasu kamfanoni masu wannan tsari, ya ce haramun ne. Dalilansa su ne: mutum ba don kayan yake shiga ba, don kamasho yake shiga, sai ya zama ya ba da kuɗi kaɗan yana jiran kuɗi mai yawa, kayan kuwa lulluɓi ne kawai, wannan riba ce, akwai garari, domin bai san ko zai samu mutanen da ake nema ba, akwai cin dukiyar mutane ba da haƙƙi ba, akwai kuma algus. A ɗaya ɓangaren, majalisar malaman Indonesiya a 2009 ta halatta shi bisa sharuɗɗa masu tsauri, daga ciki: kaya su zama na gaske kuma halal, kada a tsawwala farashi fiye da kima, lada ya kasance a kan ainihin cinikin da aka yi, kada wani ya zauna yana kwasar kuɗi ba aikin komai, kada a ruɗi mutane da alƙawuran arziki, kada na sama ya ci da gumin na ƙasa.

In kin lura, ɓangarorin biyu ba su yi nisa da juna ba. Wanda ya haramta ya haramta ne saboda waɗannan cututtuka, wanda ya halatta ya ce sai in babu su. Ni ba mai ba da fatawa ba ce, malamar Islamiyya ce kawai. Amma ko ɗalibar aji ɗaya ta san bambancin wannan da dillanci. Dillaliya ta kai zanen Hajiya gidan amarya, ciniki ya faɗa, ta karɓi la'adarta, magana ta ƙare. Ba ta cin la'ada a kan cinikin wata dillaliyar da ba ta taɓa gani ba. Haka adashi: kowa abin da ta zuba shi za ta kwasa, ta farko da ta ƙarshe duk ɗaya.

Shin kyakkyawar niyya ta isa?

Nan ne tambayar ta fi yi mini nauyi. Aminiyar ɗalibata ba ɓarauniya ba ce. Na tabbata ranar da ta je gidanta da alheri ta je, ita ma haka aka gaya mata. Mary Kay ma ban ga alamar ta zauna a teburin kicin ɗin nan tana shirya cutar kowa ba. To mutum zai iya cutar da jama'a alhali yana son su? Ƙwarai kuwa. Uwar da ta ɗura wa jaririnta jiƙon da ya fi ƙarfinsa da ƙauna ta yi, amma ƙaunar ba ta hana jiƙon yin aikinsa. Malamai sun yi bayani cewa hadisin niyya yana gyara aikin da asalinsa halal ne, ba ya wanke wanda asalinsa akwai zalunci. Kuma ranar da mutum ya gane, uzurinsa na rashin sani ya ƙare. Aminiyar nan, ranar da ɗalibata ta kai mata kuka ta ga kaya jibge da idonta, daga ranar ta sani. Abin da ta faɗa bayan nan, wato a kawo wasu biyar, shi ne abin da za a tambaye ta.

A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 29, Allah Maɗaukaki ya hana mu cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna, ya halatta kasuwancin da aka yi bisa yardar juna. Sai wata ta ce, ai ba wadda aka tilasta, da ƙafarta ta zo. To amma yardar da aka samu ta hanyar ɓoye gaskiya yarda ce? Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa mai albarka cikin tarin, ya ji danshi a ƙasa. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi (SAW) ya tuhume shi a kan me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma barranta daga mai algus. Ki dubi taron da ake kiran mata a otal ko a falon wata Hajiya. Me ake ɗorawa a sama? Hoton mota, hoton wadda aka kai yawon buɗe ido, takardar cekin kuɗi. Me aka bari a ƙasa? Ɗaruruwan da suka sayar da zobe da akuya suka fita shiru saboda kunya. Mota gaskiya ce, ba wanda ya ce ƙarya ce. Busasshen hatsin saman tarin nan ma ai gaskiya ne.

Kuma ko da ma'aunin Mary Kay ɗin kanta muka auna, wato ka yi wa mutane abin da kake so a yi maka, wanda mu muka fi sani a hadisin so wa ɗan uwa abin da kake so wa kanka, sai mu tambaya: ke za ki so a jawo ki cikin harkar da mai jawo ki ta san yawancin masu shiga ba sa mayar da kuɗinsu, ta yi shiru?

Na san abin da masu harkar za su ce, domin na sha ji. Za su ce kowace kasuwa akwai mai riba akwai mai faɗuwa. Haka ne, amma in mai ƙosai ta yi kwantai, wadda ta koya mata suya ba ta ƙaruwa da kwantan nan. Kuma kin taɓa ganin mai ƙosan da ke yawo gida-gida tana roƙon mata biyar su zo su kafa kasko a bakin layinta? Duk sana'ar da ta fi son ki kawo mata abokan gasa a kan ki kawo masu saye, to ke ce mai sayen. Za su ce ai wance ta samu har ta je Umra. Ba mu musa ba, tambayarmu daga aljihun wa. Za su ce waɗanda suka faɗi ragwaye ne. Wannan kuwa zalunci ne a kan zalunci, a ci kuɗin mace sannan a bar ta tana zargin kanta, alhali lissafi ya nuna tun farko babu wurin kowa a sama.

Zumunci ba jari ba ne

Hasarar da ta fi ba ni tsoro ba ta kuɗi ba ce. Tun daga zamanin Stanley har yau, ƙarfin wannan kasuwanci shi ne ba baƙo ke zuwa miki ba, 'yar uwarki ce, wadda kike jin nauyin ce mata a'a. Kamfani bai san ƙannen ɗalibata ba, ba zai iya shiga ɗakinsu ba. Yardar da suka yi wa yayarsu, wadda aka shekara talatin ana ginawa, ita yake so ya saya, kuma da arha. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, to yanzu sai ki ga wadda ta shekara ba ta leƙo ki ba ta yi sallama da fara'a, kina murna, kafin ruwan da kika kawo mata ya huce ta zaro takarda. Daga nan kowace ziyara sai an yi mata zato. Gidan suna, walima, taron ƙungiya, har harabar Islamiyya sun zama wurin farauta.

Ina jan kunnen 'yan uwana malamai mata da shugabannin ƙungiyoyi musamman. Ɗalibarki ba za ta iya ce miki a'a ba. In kika ce abu alheri ne, ta ɗauka kin duba littafi ne. Wallahi amana ce babba, kada a haɗa allo da takardar rajista.

Amsar da na ba ta

Da mako ya zagayo na ce mata, "Hajiya, kada ki kawo su. Kuɗin da za ki karɓa ba naki ne zai dawo ba, nasu ne zai zo hannunki, su kuma su koma neman wasu. Ramin da kika faɗa ba a cike shi da ƙannenki." Ta yi shiru, hawaye ya zubo, ta ce, "To 'yan kunnena fa, Malama?" Na ce ta fara gaya wa maigida gaskiya, domin ɓoyon ya fi asarar cin rai. Ta bincika ko kamfanin na karɓar kaya ya mayar da kuɗi. In ba ya yi, ta sayar da su a farashin da kasuwa ta yarda, ba tare da ta yi wa kowa alƙawarin maganin da ba ta da tabbas a kansa ba. Aminiyarta kuwa kada ta yanke ta, ta je ta gaya mata gaskiya cikin taushi, wataƙila ita ma tana neman wanda zai fitar da ita ne.

Ga wadda ake zawarcinta da irin wannan harka, ga tambayoyi huɗu ki yi kafin ki buɗe jaka:

1. In da babu maganar kawo mutum, zan sayi kayan nan a wannan farashi?
2. Cikin mutum ɗari da suka shiga bara, nawa ne suka mayar da kuɗinsu? A nuna mini a rubuce.
3. Ladan ta sama a kan abin da na sara yake, ko a kan abin da na sayar?
4. In na fasa, za a karɓi kayan a ba ni kuɗina?

In aka amsa miki da hoton mota, ko aka ce yau ce ranar ƙarshe ki yi sauri, ki ɗauki mayafinki. Ki yi shawara da maigida, ki tambayi malami masani da cikakken bayanin tsarin, ki yi istihara. Wadda kuma ta riga ta hau sama tana da mata a ƙarƙashinta, ƙofar tuba a buɗe take: ta daina kira, ta faɗa musu gaskiya, ta nemi malamai su nuna mata yadda za ta sauke haƙƙin da ya hau kanta.

Kada wata ta fahimce ni da cewa ina hana mata neman na kansu. Uwar Muminai Nana Khadija (RA) attajira ce, kuma iyayenmu da ƙuli-ƙuli da saƙa da kiwo suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki ba tare da sun ci haƙƙin kowa ba. Mu koyi jajircewar Mary Kay, mu koyi yadda take yaba wa mata, mu yi wa junanmu wannan yabon kyauta ba sai an yi rajista ba.

Ita dai a 1996 shanyewar jiki ta same ta har magana ta gagare ta, matar da ta yi shekaru tana motsa dubban mata da harshenta. Ta rasu a Dalas ranar 22 ga Nuwamba, 2001, tana da shekara 83. Hisabinta yana wurin Ubangijinta, ba namu ba ne. Namu shi ne mu tuna hadisin da Tirmizi ya ruwaito, cewa a ranar alƙiyama za a tambayi bawa game da dukiyarsa ta fuska biyu, inda ya samo ta da inda ya kashe ta.

Ɗalibata tana nan tana zuwa aji, kunnenta babu gwal. Ran nan ƙanwarta ce ta rako ta, suna tafe suna hira suna dariya. Allah ya mayar mata da mafi alheri, ya ba mu halal mai albarka komai ƙanƙantarsa, ya tsare mu daga cin haƙƙin 'yan uwanmu da saninmu ko ba da saninmu ba. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, Allah ya yafe mana baki ɗaya.